Lambobin Iya Mai Kati

Duk wanda ya taɓa bin layi a babban asibiti a shekarun baya ya san Iya Mai Kati, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Taga ta uku ce tata, inda ake yankar kati. Gajeriyar mace ce, sai ta ɗora matashi biyu a kan kujera kafin haɓarta ta kai tagar, amma in ta ce "Na gaba!" har masu gadi sai sun gyara tsayuwa. Shekara ashirin da shida ta yi a wurin. Suna, shekaru, sana'a, adireshi, ta buga hatimi, ta miƙo. Ba ta cin hanci, ba ta ɗaukar raini, kuma ba a tsallake mata layi ko da matar babban likita ce.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ɗansu yana da shekara tara. Da wannan tagar ta ciyar da yaron, da ita ya yi karatu har ya zama injiniya a ofishin tsara gari. Tun daga ranar da ya samu aikin ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Injiniya. In ranta fari ne, alfahari take yi da sunan. In ya ɓata mata rai, da sunan dai take yi masa ba'a, sai ta ja shi, "In-ji-ni-yaa," shi kuma ya san a bakin me take.

A bangon ofishinsa akwai taswirar gari, kowace unguwa da titunanta da lambobin gidajenta. Amma daga bayan gada zuwa bakin babban kwalbati an bar wurin fari fat, an rubuta "fili". To wannan filin mutane ne cike da shi, dubbai. 'Yan dako, masu wanki, masu walda, masu shara, duk waɗanda garin ba ya iya kwana ɗaya ba tare da su ba. Ɗakuna ne na bulo da langa-langa, lungu ya shiga lungu, ba sunan layi, ba lamba a ƙofa. A takarda dai babu su.

A tagar kati ma haka ne. Ranar da Iya ta fara aiki, magatakardan da ta gada ya ce mata, "In mutumin wannan wurin ya zo, kada ki wahalar da kanki. Rubuta bayan gada, shi ke nan." Haka ta yi ta rubutawa. Allah kaɗai ya san sau nawa.

A shekararta ta ƙarshe wani ɗan dako ya zo da tari. Ta yankar masa kati, aka ɗauki majinarsa, aka ce ya dawo bayan kwana uku. Bai dawo ba, yo wa zai ɗaukar masa kayan kasuwa in ya zo ya wuni a layi? Sakamako ya fito, tarin fuka ne. Nas ta zo taga da katin a hannu.

"Iya, ina za mu sami mutumin nan? Maganinsa kyauta ne, amma dole a fara yanzu."

Iya ta duba. Rubutunta ne, mai kyau, a tsaye: bayan gada.

Ma'aikatan lafiya biyu suka yi kwana biyu suna yawo a lunguna. Masu irin sunansa sun fi talatin, kuma mutanen wurin in suka ga baƙo da takarda sai kowa ya ce bai san kowa ba. Aka haƙura. Bayan wata huɗu aka turo shi a baro, ya rame ya zama ƙashi da fata, bai kai la'asar ba. Washegari matarsa ta zo taga tana irin tarin nan. Iya ta jawo sabon kati, suna, shekaru, sana'a, sai kawai ta ga hannunta ya riga ya rubuta "bayan gada" tun kafin ta buɗe baki ta tambaya. Ta daɗe tana kallon hannun nan kamar ba nata ba. Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya turnuƙe ta, irin wanda ke hana mutum cin abinci, kuma ba kowa take jin haushi ba sai kanta.

Da ta yi ritaya Injiniya ya ɗauke ta zuwa gidansa. Ɗaki mai fanka, gado mai laushi, jikoki biyu, suruka mai ladabi da ke kawo mata ruwan wanka har ƙofa. Wata biyu ta yi tana zaman. Ran nan da safe ta ga ragowar jan fenti da aka shafa wa ƙofar gidan, rabin gwangwani. Ta ɗauka, ta haɗa da buroshi da littafin rubutu na jikanta, ta hau mota sai bayan gada.

Nan fa Iya ta tafka kuskuren da har yau in an tuna mata sai ta yi tsaki. Ita ta saba da taga. A taga ba a neman izini, ana cewa na gaba ne kawai. Ta isa da hantsi, maza sun tafi nema, mata da yawa sun tafi aikatau. Ta tsaya a ƙofar farko ta zana 1, babba, ja wur. Ta matsa ta zana 2. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce lafiya, Iya ta ce, "Lafiya lau, aiki nake," ta wuce. Kafin azahar ta kai ƙofa ta sittin, tana jin daɗin kanta sosai.

Abin da ba ta sani ba, wanda kowane yaro a wurin ya sani, shi ne jan fenti a bango ma'anarsa ɗaya ce. Shi ofishin tsara gari ke shafawa kafin a turo motar rusau.

Kan ka ce me, wuri ya hargitse. Aka aika kasuwa, aka aika tasha, maza suka baro aiki a guje. Mata suna ƙulle tukwane a zani, wani ya hau rufi yana ɓamɓare langa-langarsa tun kafin mota ta markaɗe masa ita. Wata mai jego ta fito da jariri tana kuka ba ta san inda za ta nufa ba. Iya na tsaye da gwangwani a hannu sai ga wani ƙato da baƙin tabarau a goshi, hannuwansa duk tabon wuta. Mai Walda ke nan, wanda in magana ta tashi a wurin shi ake turawa gaba.

"Baba, wa ya aiko ki? Kwana nawa suka ba mu?"

"Wane kwana? Ni ba wanda ya aiko ni. Lamba nake sa muku don a riƙa samunku."

"Lamba? Da ja?" Ya juya ya nuna mata mai ɓamɓare rufi. "Dubi aikinki. Ke da kika zo taimako, kin tambayi ko mutum ɗaya? Ko mu awaki ne da za a zo a shafa mana alama a tafi?"

Iya da ba a taɓa rufe mata baki a taga ba, ranar ta gamu da gamonta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Amma ba ta gudu ba, wannan kam a ba ta. Ta ajiye gwangwanin ta ce, "Ka yi gaskiya, ɗan nan. Na yi wauta, da girmana. A ba ni tsumma da kalanzir."

Kwana uku ta yi tana goge jan fentin nan, ƙofa sittin, tana ba kowane mai ɗaki haƙuri. Wasu suka karɓa, wasu suka wanke ta tas, ta shanye. A ƙofa ta arba'in da wani abu ta ci karo da matar ɗan dakon nan, ta warke, ta yi ƙiba. Matar ta gane ta. Iya ta gaya mata abin da ya kawo ta, ba ta rage komai ba, har da rubutun katin. Da ta gama, matar ta ce, "To ki kawo wani fentin. Ni zan rubuta tawa da hannuna."

Daga nan aikin ya samu ƙa'ida. Fenti shuɗi, Mai Walda ne ya zaɓa. Ba a taɓa ƙofa sai mai ita yana nan, kuma shi zai riƙe buroshi, in bai iya rubutu ba Iya ta riƙe hannunsa su zana tare. Sunan layi kuma mutanen layin ne za su raɗa. Aka samu Layin Famfo, duk da famfon ya fi shekara biyar bai ɗigo ba. Aka samu Layin Masu Walda, da Layin Kada Ka Zame, wanda duk wanda ya bi shi da damina ya san dalili. Rigima kuwa ba a magana. Mutum huɗu kowa ya rantse shi ne lamba ɗaya. Wasu 'yan'uwa biyu da ba sa ga maciji suna shiga ta ƙofa guda, kowa ya ce ba zai haɗa lamba da ɗan'uwansa ba, sai da Iya ta zana musu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta ce Allah ya shirye su. Wata bakwai ana abu ɗaya. Ƙofa ɗari huɗu da goma sha biyu, kowace da layinta da sunan mai ita a cikin littafin.

Ta kwafi littafin ta kai asibiti, ta jawo kujera ta zauna kusa da yarinyar da ta gaji tagarta. Duk wanda ya ce bayan gada, sai Iya ta ce, "Wane layi? Lamba nawa?" Sati biyu ta yi a kan yarinyar nan har hannunta ya saba.

Mutane kuwa kowa da fassararsa. Maƙwabta suka ce lada take nema tunda shekaru sun ja. Wasu suka ce siyasa za ta shiga. Surukarta ta ce kaɗaici ne, a sayo mata kaji ta riƙa kiwo. Wata budurwa daga wata ƙungiyar agaji ta zo da na'urar ɗaukar hoto, ta sa ta tsaya a gaban wata ƙofa, ta ce cikin murya mai taushi, "Mama, ki gaya mana yadda tausayin talakawa ya motsa zuciyarki."

Iya ta kalle ta sama da ƙasa. "Tausayi? 'Yar nan, mutanen nan sun fi ni ƙarfi, sun fi ki. Wa zai ji tausayin wa? Ni haushi ne ya kawo ni. Shekara ashirin da shida ina shafe su da birona, ina karɓar albashi a kai. Ɓarnata na zo gyarawa. In za ki rubuta ki rubuta haka, in ba za ki iya ba ki kashe abin nan ki riƙe min gwangwani."

Ba a taɓa ganin hirar a ko'ina ba.

Ana nan sai ofishin tsara gari ya tashi gina babbar tashar motoci, kuma ba inda idonsu ya faɗa sai farin wurin nan na taswira. Doka ta ce sai injiniya ya je ya duba ya rubuta rahoto. In ya rubuta fili, mota ta shiga kawai. In ya rubuta unguwa, dole a ƙirga mutane, a zauna da su, a nemo musu inda za su koma kafin a taɓa bulo ɗaya. Wanda aka ba aikin kuwa ba kowa ba ne sai ɗan Iya. Shugabansa ya kira shi ya rufe ƙofa, ya tuna masa kujerar mataimakin darakta da za ta zama ba kowa a ƙarshen shekara, sannan ya ce cikin dariya, "Ka kuma ce wa Hajiya ta huta da fentin nan."

Injiniya ya dawo gida da yamma ya same ta a tsakar gida tana wanke buroshi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya faɗa.

"Umma, ki fahimce ni. Wurin nan ba wurin zama ba ne. Duk damina ruwa sai ya ci mutum. Ni ban ƙi su ba."

"To ka rubuta akwai mutane kuma ruwa yana cinsu. Ai ka ga sai a nemo musu tudu."

"Ba haka ake yi ba. Rahoto uku aka yi kafin nawa, duk fili suka ce. Haka na tarar ana rubutawa."

Iya ta saki buroshin a cikin roba. Maganar ta doke ta, don ta san ta, da bakinta ta sha faɗinta.

"In-ji-ni-yaa," ta ce. "Haka ka tarar. Ni ma haka na tarar, har na kashe mutum da shi. Ni ban je jami'a ba, ban kuma taɓa taka wurin ba a lokacin. Kai fa? Littafin yana ɗakina, jikina duk shuɗin fenti, a gidanka nake kwana. Kai ba za ka ce ba ka sani ba."

"Umma, in ban sa hannu ba wani zai sa. Sai in rasa kujera, su kuma su rasa ɗakunan, me aka yi ke nan? Ina da iyali."

"Su kuma kaji gare su."

Ya miƙe ransa a ɓace. "Ranar Alhamis zan miƙa. Don Allah ki bar maganar nan."

Ta bar maganar kuwa. Washegari yana fita aiki ta naɗe tabarmarta, ta zuba kayanta a jaka biyu, ta ɗauki littafin. Surukar ta biyo ta har bakin titi tana, "Umma, don girman Allah, me za mu ce wa mutane?" Iya ta ce, "Ki ce musu na tare a fili." Mai Walda ya samo mata ɗaki a ƙarshen Layin Famfo, ƙanwarsa ce ta tashi daga ciki tun kafin a fara sa lamba. Ɗaki ne da in ta miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Da hannunta ta zana 413 a ƙofar.

Kwana biyu shiru. Ba wai ba ta ji tsoro ba. Ta ji. Ta san ɗanta, da taurin kanta aka haife shi, kuma ta san yana iya sa hannu ya turo a ɗauke ta ta ƙarfi. Abincin da maƙwabta suka kawo mata ma kasa ci ta yi.

Ranar Laraba da hantsi ya ajiye mota a kan gada ya gangaro da ƙafa, takalminsa mai sheƙi ya nutse a taɓo tun a lungun farko. Ya tambayi wata mai wanki inda tsohuwa mai fenti take. Matar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Layin Famfo, ɗari huɗu da sha uku. Ka bi lamba." Ya bi. Bai ƙara tambayar kowa ba har ya tsaya a ƙofar.

Ya sunkuya ya shiga. Ya kalli rufin da rana ke leƙowa ta cikinsa, ya kalli bokitin da aka tara a ƙarƙashin hudar, ya kalli uwarsa a kan tabarma.

"Umma, wannan ba adalci ba ne. Kin ɗaure ni."

"Na ɗaure ka. Ban ɓoye ba."

"Tashi mu tafi gida."

"Ina gida. Ka je ka rubuta fili in ka isa. Amma ranar da motar za ta zo, kai za ka zo ka nuna mata ƙofar nan da yatsanka, kada ka aiko yara."

Ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. Mutane sun taru nesa kaɗan, Mai Walda ma ya kashe injinsa. Can Injiniya ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ba ni littafin."

"Me za ka yi da shi?"

"Ni injiniya ne, Umma, ba na rubuta abin da ban ƙirga ba. Ko na uwata ne."

Wuni guda ya yi yana bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, littafi a hannu, wandonsa ya yi dama-dama da taɓo. Har kuskure ya kamo mata, ta tsallake lamba ɗari biyu da bakwai, ta kuma ƙi yarda sai da ya ja ta ya nuna mata. Ranar Alhamis ya miƙa rahoto. Unguwa, ya rubuta, da yawan ƙofofi, da yawan mutane, da layukan da ruwa ke ci.

Kada wani ya ce daga nan komai ya yi daidai. Ina! Maganar tashar tana nan, ana ta zama ana tashi, ba a ba kowa takardar wuri ba tukuna. Abin da aka samu shi ne motar rusau ba ta zo ba, kuma duk wanda zai yi maganar wurin yanzu dole ya ce mutane. Kujerar mataimakin darakta kuwa wani aka ba. Injiniya aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayil a ƙasan bene, inda ko taga babu. Surukar ta yi wata uku in ta gaishe da Iya ba ta haɗa ido da ita.

Ran nan Iya ta shirya ta je ofishin. Aka nuna mata matakala, ta sauka tana dafa bango. Ta same shi shi kaɗai a tsakanin kantoci, ƙwan lantarki ɗaya a sama, yana ɗaure takardu da igiya, mutumin da ya fi kowa maki a ajinsu. Ta tsaya a ƙofa. Wannan karon kam kukan ya zo, ba ta kuma tare shi ba.

Ya taso da sauri ya kawo mata kujera. "Haba Umma, mene ne kuma? Ai ba korata aka yi ba."

"Ni na jawo maka."

"Ke kika jawo min," ya ce, yana ɗan murmushi. "Kin yi nadama ke nan?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ja hanci, ta kalle shi ido cikin ido.

"Kuka na yi, ban yi nadama ba. In gobe aka sake, haka zan sake yi maka."

"Na sani. To yanzu za ki dawo gida?"

"Ranar da aka ba su takarda."

Ya girgiza kai, ya jawo wata kujerar ya zauna kusa da ita. Ya ce to ta gaya wa Mai Walda ranar Asabar zai kawo langa-langa biyu, su hau su gyara mata rufin nan kafin ruwa ya sauko.